Abin da girbin rake ke bar wa ƙasa

Babban darasin da na ɗauka daga aikin duba gonakin rake shi ne cewa lafiyar ƙasa ta dogara da yadda aka sare raken kamar yadda ta dogara da takin da aka zuba. Ba a sake shuka rake kowace shekara. Kututturensa ne ke tohowa, a yi ta cin gyauro shekaru da dama, don haka duk abin da aka yi wa ƙasa ranar girbi, shi sabon toho zai tarar.

Masu cinna wa gona wuta kafin sara suna da hujjarsu, domin wuta tana cinye ganye mai kaifi, ta kori macizai, ta rage wa masu adda wahala. Sai dai ganyen da ke tashi a hayaƙi yakan kai tan 10 zuwa 20 a hekta ɗaya, kuma yawancin naitirojin da ke cikinsa, wato sinadarin taki da ke sa tsiro girma, iska yake bi, a bar ƙasa da toka mai ɗan fotash, wani sinadarin takin. Inda aka sare rake ɗanye aka shimfiɗa ganyensa, idan mutum ya ɗaga shimfiɗar ya tura hannu, zai ji danshi da sanyi, ya ga tana da ƙananan saiwoyi, ƙasar tana marmashewa a tafin hannu, alhali gonar da aka saba ƙonawa samanta yakan yi ɓawo mai tauri. Gwajin da ake yi a Mount Edgecombe ta Afirka ta Kudu tun 1939 ya nuna cewa ƙasar da ake bar wa ganye ta fi tara ruɓaɓɓen tsiro. A 2002 kuma jihar Sao Paulo ta Birazil ta kafa dokar daina ƙona rake a hankali.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaukar da ake yi cewa da an daina ƙonawa magana ta ƙare. Injin girbi da motocin kwasar rake suna da nauyi ƙwarai, kuma idan suka shiga gona tana jiƙe, sukan danƙare ƙasa har ruwa ya kasa ratsawa, saiwa ta kasa nutsawa, kuma ganyen da ke sama ba ya saurin gyara wannan ɓarna. Shi ya sa nake nacewa a jira ƙasa ta sha iska, a daidaita tazarar layuka da faɗin tayoyi, yadda kowace shekara injin zai bi sawu ɗaya ba tare da ya taka kututture ba.

Ganyen ma yana da sharaɗi: a shekarun farko ƙananan halittun ƙasa da ke ruɓar da shi suna riƙe naitirojin, saboda haka bai kamata manomi ya yi gaggawar rage taki ba.