Yanda na koma koyar da Turanci ta hanyar abun da ke bin kalma

Na daɗe ina yi wa yara lesin ɗin Turanci da yamma, yawancinsu masu shirin WAEC da NECO da JAMB, kuma abun da ya fi ci min rai a aikin nan shi ne yaron da ya san ma'anar kalma sarai amma da ya zo haɗa jimla sai ta watse masa. Ka tambaye shi ma'anar enjoy zai ce maka jin daɗi, daidai ne, ka ce to sa ta a jimla sai ya rubuta I enjoy to play football. Kowace kalma a ciki lafiyarta lau, amma mai harshen ba haka zai ce ba, I enjoy playing football zai ce. Kuma ba wani dogon dalili da za ka ba yaron, don want ita kalmar to take ɗauka, I want to play, haka kawai harshen ya ginu.

Ni yanzu yanda nake faɗa musu shi ne kalmar Turanci kaman amarya ce, ba ta tarewa ita kaɗai sai da 'yan rakiya, in ka karɓi kalma ba ka san masu raka ta ba to rabin abun ka samu. Shi ya sa na ce kowa ya nemo littafi daban, a raba kowane shafi gida uku da rula, gidan farko kalmar, na biyu abun da ke binta, na uku jimlar da yaro ya ƙirƙira da kansa a kan rayuwarsa, ba ta littafi ba. Wata yarinya ta rubuta My mother made me wash the plates, ta ja layi biyu da jan biro a ƙarƙashin wash, a gefe ta sa "ba to a nan" da Hausa. Wallahi tun ranar ban sake ganin ta rubuta made me to ba, alhali kuskure ne da har manya masu digiri suke yi kullum.

Mun fara da aikatau, wato verb, don a nan rigimar ta fi yawa. Enjoy, avoid, finish, mind, keep, suggest duk ing suke so a bayansu. Want, decide, hope, refuse, promise, agree su kuma to. Make da let suna ɗaukar mutum sannan aikatau tsirara ba to, let him go, amma allow da ma'anarta kusan ɗaya da let sai an sa mata, allow him to go. Sai wani wuri da JAMB ke son kama yara, in aka juya jimlar make ta koma passive, wato wanda aka yi wa aikin ya dawo gaba, to ɗin nan da muka kora dawowa yake, I was made to wait.

Abun da na fi jin daɗin ganowa shi ne yawancin kuskuren yaranmu ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, Hausar da ke kansu ce ke aiki, kuma tana aiki daidai bisa tsarinta. Mu muna cewa ina da mota, yaro ya riga ya haddace cewa kalmar ina tana tafiya da am da ing kaman ina tafiya, sai ya rubuta I am having a car, alhali have ta mallaka ba ta shiga wannan tsarin, haka know da understand da belong. Muna cewa na yi masa bayani, sai ya fito da I explained him, Turanci kuma yana so a ce I explained it to him. A tambaya mu ba ma juya komai, ina za ka, me ka saya, kalmar tambaya kawai muke sawa a gaba, shi ya sa Where you are going? ke zuwa musu a baki, sai an yi ta maimaita musu cewa are ce ke tsallakowa gaban you. In kuma tambayar ta shiga cikin wata jimla sai ta koma yanda take, I don't know where he is, to a nan ne wanda ya koyi juyawar yake zarcewa ya juya inda ba a juyawa.

Amma fa Hausa tana taimako sosai kuma ina nuna musu hakan don su daina jin tsoron harshen. Mai aiki, aiki, abun da aka yi wa aiki, jerin ɗaya ne a harsunan biyu, Musa ya sayi littafi, Musa bought a book. Na ba Musa littafi ma tsaf take da I gave Musa a book.

Akwai kuma inda canza tsarin ke canza maganar gaba ɗaya. He stopped smoking ya daina shan taba kenan, he stopped to smoke ya tsaya ne don ya sha. Remember to lock the door umarni ne kar ka manta, I remember locking the door kuma ina tuna na kulle. Yaran da suka yi nahawun Larabci a Islamiyya sun fi saurin kama wannan, da na tuna musu raghiba fi son abu ne, raghiba an kuma ƙinsa, fi'ili ɗaya harafi ne kawai ya bambanta, sai ka ga sun gyaɗa kai, daga nan look for da look after ba sa ba su wahala.

Na kuma koya musu duba ƙamus yanda ya kamata, don da yawa ma'anar farko kawai suke karantawa su rufe. Ƙamusun masu koyo dama don wannan matsalar aka yi su. A. S. Hornby malamin Turanci ne a Japan, ya ga ɗalibansa sun san kalmomi amma ba sa iya jera su, ƙamus ɗinsa ya fara fitowa can a 1942, Oxford ta buga shi a 1948, kuma ya kasa aikatau na Turanci gida 25 bisa abun da ke bin su. Daga baya a 1987 masu bincike a jami'ar Birmingham suka fitar da ƙamus ɗin COBUILD, wanda aka gina da tarin rubutun gaske da aka loda a kwamfuta. To waɗancan ƙananan alamomin da ke gefen kalma, irin sb (somebody, wato wani mutum) da sth (something, wato wani abu) da doing, su ne gundarin abun, ko a waya ka buɗe ƙamus ɗin suna nan.

Haddar jerin kalmomi zalla ba ta yi mana aiki ba, sati na zagayowa sun zube, jimlar da yaro ya gina da kansa ita ce ke zama. Inda har yanzu muke fama shi ne ƙananan kalmomin nan, good at, interested in, afraid of, married to, depend on, congratulate on, ga discuss da ba ta son about sam, ga look forward to da kowa ke ɗauka to ɗinta irin ta want ce alhali ing take so, I look forward to seeing you. Yanzu kafin mu tashi kowace rana ina rubuta guda biyar a allo in bar gurbin a buɗe, kowa ya cike nasa a takarda ya miƙo min a bakin ƙofa kafin ya fita.