A bar su da rai, amma a ƙasƙanta su: rabon Coci a tsanar Yahudawa

A ƙofar kudu ta babban cocin birnin Strasbourg, wanda yau yake cikin Faransa, akwai kwafin siffofin mata biyu waɗanda aka sassaƙa na asalinsu da dutse wajen shekarar 1230. Ɗaya tana tsaye kai a ɗage, da kambi, da sanda mai gicciye a hannu. Ɗayar an ɗaure mata ido da ƙyalle, kanta a sunkuye, mashinta a karye, allunan Attaura suna neman suɓucewa daga yatsunta. Ta farko ita ce Coci, ta biyu Yahudanci. Manomin da bai san ko harafi ɗaya ba, in ya zo ibada ya ɗaga kai, ya gama karatun. A wannan birni ne, ranar 14 ga Fabrairu 1349, aka ƙone ɗaruruwan Yahudawa bisa zargin sun zuba guba a rijiyoyi sun jawo annoba, aka kuma soke bashin da suke bin mutanen gari.

Ko Kiristanci yana da alhaki a wannan? A ganina yana da shi, kuma mai nauyi. Sai dai kalmar alhaki ba ta isa ba sai an nuna ta ina ya shiga.

Ƙin Yahudawa ya riga Coci. A Iskandariyya ta Masar an far musu a shekara ta 38, lokacin da mabiya Yesu ba su da ikon ko unguwa ɗaya, marubutan Girka da Rum kuma sun daɗe suna zaginsu saboda sun ƙi bauta wa gumakan gari, sun ƙi cin abincin kowa. Wannan ƙiyayya irin wadda ake yi wa baƙo ce mai al'ada dabam, takan tashi ta kwanta. Abin da malaman Coci suka ƙara shi ne dalilin addini wanda ba ya tsufa. Wajen shekarar 170 bishop Melito na Sardis ya yi wa'azin Ista inda ya tuhumi Isra'ila da kashe Allah. Daga nan laifin ya zama gado, jariri ma da shi ake haifarsa.

Ayar da aka fi dogara da ita tana Matiyu 27:25, inda taron jama'a ke ce wa Bilatus alhakin jinin Yesu a wuyansu da wuyan 'ya'yansu. Amma gicciyewa hukuncin Rumawa ne, gwamnan Rum ne ya ba da umarni, sojojinsa suka zartar. Yesu Bayahude ne, haka mahaifiyarsa da manzanninsa. Zafafan kalaman da ke cikin Linjila asalinsu faɗan 'yan gida ɗaya ne. Da Coci ya cika da waɗanda ba Yahudawa ba, ya kuma samu daular Rum a ƙarni na 4, sai kalaman suka koma takobi a hannun mai mulki. A cikin Littafi Mai Tsarkin nan dai Bulus ya tambaya a Romawa 11 ko Allah ya ƙi jama'arsa, ya amsa da a'a, ya gargaɗi Kiristoci kada reshe ya yi wa saiwa fahariya. Duka ayoyin suna nan. Masu wa'azi ne suka zaɓi wadda za su ɗaga wa murya, kuma a wannan zaɓin nake ganin alhakin ya soma.

John Chrysostom ya yi huɗuba takwas a Antakiya tsakanin 386 da 387 yana aibata majami'un Yahudawa da munanan sunaye. Dalilinsa abin lura ne: mabiyansa suna zuwa bukukuwan Yahudawa, suna ganin girman wuraren ibadarsu. Wato talakawa suna zaman lafiya da maƙwabtansu, malami ne ya zo ya raba. A 388 aka ƙone wata majami'ar Yahudawa a Callinicum, bakin kogin Furatu. Sarki Theodosius ya ce a sake gina ta, bishop Ambrose na Milan ya tsaya kai da fata har sarki ya janye.

Wanda ya tsara matsayin da Cocin Yamma ya rayu a kai shekara dubu shi ne Augustine, mutumin Afirka ta Arewa. Ya kafa hujja da Zabura 59, inda aka ce kada a kashe su, a dai warwatsa su. Yahudawa su rayu, in ji shi, domin littattafansu shaida ne ga annabce-annabce, warwatsuwarsu kuma shaida ce cewa sun ɓata. Wannan koyarwa ta ceci rayuka, ban musa ba. Wajen 1120 Fafaroma Calixtus na Biyu ya fitar da takardar da ta hana kashe su ko tilasta musu baftisma, fafaromomi da dama suka sabunta ta. A 1096, da mayaƙan gicciye suka afka wa Yahudawan bakin kogin Rhine, bishop ɗin Speyer ya kare su har aka tsira da yawancinsu. A Worms kuwa an kashe wajen 800, a Mainz kimanin dubu, duk da cewa sun fake a fadar babban bishop. A 1348 Fafaroma Clement na Shida ya rubuta cewa annobar tana kashe Yahudawa kamar kowa, don haka zancen guba ƙarya ne. Mutanen Strasbourg ba su saurare shi ba.

Inda tsarin ya lalace a fili yake. Ba a shekara ɗaruruwa ana gaya wa jama'a kowace Ista cewa maƙwabcinsu ya kashe Ubangijinsu, sannan ranar da yunwa ko annoba ko bashi ya matse su a tsayar da su da takarda daga Rum. Huɗubar kowa ya ji ta da kunnensa, takardar kuwa da Latin take, tana akwatin bishop.

Doka ta bi bayan wa'azi. Babban taron Lateran na Huɗu a 1215 ya wajabta wa Yahudawa tufafin da zai bambanta su, ya hana su riƙe muƙami a kan Kirista. A Paris aka ƙone Talmud, kundin koyarwar malaman Yahudawa, a 1242, amalanke 24 na littattafan da aka rubuta da hannu. A wurare da yawa ba su da ikon mallakar gona ko shiga ƙungiyar masu sana'a, Coci kuma ya haramta wa Kirista ba da rance da ruwa, sai wannan sana'a ta faɗa hannun wasu daga cikinsu. Sarki ya tatse su da haraji, talaka ya tsane su da bashi. A York, a 1190, bayan Yahudawa wajen 150 sun mutu a gidan sarautar garin, jagororin boren suka nufi babban coci inda ake ajiye takardun bashi suka cinna musu wuta. Ingila ta kore su a 1290, Faransa a 1306, Sifaniya a 1492. A 1555 Fafaroma Paul na Huɗu da kansa ya killace Yahudawan Rum a unguwa mai ƙofofi da ake rufewa da dare, haka suka zauna har 1870.

Ƙazafin jini, wato zargin cewa Yahudawa suna kashe yaran Kirista don ibadarsu, ya cancanci a dube shi da kyau, domin kusan hanya ɗaya yake bi ko'ina. An soma shi a Norwich bayan mutuwar wani yaro William a 1144. Yaro ya ɓace dab da Ista, wadda takan zo kusa da Idin Ƙetarewa na Yahudawa. A tsinci gawa. A kama mazan Yahudawa, a azabtar da su har su faɗi abin da mai tambaya yake so, a rubuta wannan a matsayin iƙirari, gari na gaba ya ɗauke shi hujja. Kabarin yaron ya zama wurin ziyara, masu ziyara su kawo kuɗi. Haka aka yi a Trent a 1475 da wani yaro Simon ɗan shekara biyu: an rataye mutane ta hannuwa da aka ɗaure ta baya, an kashe fiye da goma, sabuwar na'urar ɗab'i ta baza hotunan a Turai. Wakilin da Fafaroma ya aiko ya yi shakkar shari'ar, bishop ɗin garin ya fi shi ƙarfi. Tun 1247 Fafaroma Innocent na Huɗu ya ƙaryata wannan zargi, ga shi dokar Yahudawa ta haramta cin jini ko na dabba ne, amma a 1588 Rum ta amince a girmama Simon a Trent.

Martin Luther, jagoran Furotesta da suka ɓalle daga Rum, bai gyara ba. A 1523 ya yi rubutu mai sassauci yana sa ran za su karɓi Kiristanci. Da suka ƙi, a 1543 ya shawarci sarakuna su ƙone majami'unsu, su rushe gidajensu, su ƙwace littattafansu, su hana malamansu koyarwa, su cire musu kariya a hanya. Bayan daren 9 zuwa 10 ga Nuwamba 1938, da aka ƙone majami'un Yahudawa a duk faɗin Jamus, bishop Martin Sasse na Thuringia ya wallafa ɗan littafi yana murna cewa abin ya zo daidai da ranar haihuwar Luther.

A nan ne ake bukatar taka-tsantsan. Aƙidar 'yan Nazi ta jini ce da launi, ba ta yarda baftisma tana canza mutum ba. Edith Stein ta zama 'yar Katolika, ta shiga gidan masu zuhudu, duk da haka aka kashe ta a sansanin Auschwitz a 1942 don asalinta Bayahudiya ce. Coci bai taɓa koyar da a shafe Yahudawa daga doron ƙasa ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Alamar da ake liƙawa a riga, killatacciyar unguwa, haramta auratayya, hana muƙami, duk sun riga Hitler da ƙarnoni. Tunanin gurɓataccen jini ma ya taɓa fitowa a Toledo a 1449, inda aka hana jikokin Yahudawan da suka karɓi Kiristanci muƙami. Bayan dokokin Nuremberg na 1935, waɗanda 'yan Nazi suka ware Yahudawa da su, da rajistar baftisma ta coci ake tabbatar da wanda kakanninsa ba Yahudawa ba ne, kuma coci-coci suka ba da takardun. A Slovakia shugaban ƙasar da aka kwashi Yahudawa kusan dubu 58 a hannunsa a 1942, Jozef Tiso, limamin Katolika ne. A ɗaya gefen akwai Bernhard Lichtenberg, limamin Berlin da ya riƙa yi wa Yahudawa addu'a a bainar jama'a har aka ɗaure shi, ya rasu a hanyar sansanin Dachau a 1943, da shugabannin Cocin Bulgeriya da suka tsaya a wannan shekarar har aka fasa kwashe Yahudawan ƙasar kusan dubu 48. Bangaskiyarsu ce ta tsayar da su. Abin baƙin cikin shi ne ƙarancinsu a nahiyar da kusan kowa aka yi masa baftisma, aka kashe Yahudawa miliyan 6.

Kada wani ya ɗauki wannan tarihi ya mai da shi dutsen jifan maƙwabcinsa Kirista, laifi tudu ne. Gaskiya ne Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta karɓi korarrun Sifaniya, amma an yi wa Yahudawa kisan gilla a Granada a 1066, kuma Shehu al-Maghili, wanda ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha a Kano, shi ne ya ingiza rushe majami'arsu a Tuwat, cikin Aljeriya ta yau, a ƙarshen ƙarni na 15.

Coci da kansa ya amsa tambayar, ko da yake a makare. A 1959 Fafaroma John na Ashirin da Uku ya cire kalmar da ake siffanta Yahudawa da ita, wadda ake fahimta da ma'anar maciya amana, daga addu'ar ranar tuna gicciye Yesu. Ranar 28 ga Oktoba 1965 babban taron Vatican na Biyu, da ƙuri'a 2,221 a kan 88, ya bayyana cewa ba za a ɗora mutuwar Yesu a kan dukan Yahudawan wancan zamani ba, balle na yau. Cocin Luther na Amurka ya yi tir da kalaman Luther a 1994. A Trent ma a 1965 ne hukumar Coci ta soke girmama Simon, aka ɗauke gawarsa daga inda ake ziyartarta, shekara 490 bayan an kashe mutanen da aka yi wa ƙazafin.