Ga mai son cin abinci da sarewar Barok

Ƙannena, da sarewar ƙarfe ta zamani na fara busa, irin wadda Theobald Boehm ya ƙera a 1847, mai maɓallai da yawa, kowane sauti yana fita daidai da ɗan'uwansa. Da na koma traverso, wato sarewar katako ta zamanin Barok (kiɗan Turai na wajen 1600 zuwa 1750) da ake riƙewa a gicciye, mai maɓalli ɗaya tak, sai na riƙa yi mata kallon nakasasshiya. Wasu sautukan sai ka buɗe rami ka toshe na ƙasa da shi kafin su fito, kuma a dishe suke fitowa. Na daɗe ina tura musu iska don su kamo sauran, ashe ɓarna nake yi. Telemann da Bach, manyan masu tsara kiɗa na wancan zamanin, da irin wannan sarewa suka saba, kuma dishewar tana cikin daɗin kiɗan. Ku bar kowane sauti da halinsa.

Littafin da Quantz, malamin busa na Sarki Frederick na Furusiya, ya fitar a 1752 yana hannuna tun farko, amma inda ya yi maganar yatsu kawai nake dubawa. Alhali albarkar littafin tana wajen sarrafa harshe, da ƙawata kiɗa, da yadda ake tafiya tare da abokan kiɗa. Ku karanta shi har ƙarshe.

Batun saye kuma, ku tambaya kafin ku biya. Ta farko da na saya awon kaifin sautinta 440 ne, ga shi yawancin ƙungiyoyin kiɗan Barok a 415 suke daidaita kayansu. Haka na zauna da ita a ɗaki.

Abin da ya fi cutar da ni shi ne raina koyarwa, da raina rikoda, sarewar nan da ake busawa a tsaye. A Jamus da Holan da ita yara da yawa ke fara koyon kiɗa, don haka na ɗauke ta kayan wasa, na sa rai da dandamali kaɗai. To, gayyata takan zo gab da Kirsimeti da Ista, sannan a yi tsit, kuɗin haya kuwa ba ya jira. Frans Brüggen, wanda ya ɗaga darajar rikoda a duniya, yana da shekara 21 ya zama malami a makarantar kiɗa ta birnin Hague. Barthold Kuijken, gwanin traverso, shi ma ya koyar a can da Brussels. Ni wane ne?

Sai da yunwa ta kai ni aji na gane ban san yadda nake numfashi ba. Yarinya ƴar firamare ta tambaye ni me ya sa sarewarta ke ƙara idan ta hura da ƙarfi, na rasa amsa. Ku nemi takardar koyarwa tun kuna ɗalibai, domin makarantun kiɗa a Jamus sukan nemi ganinta kafin su ba mutum aji.