Godiya bayan aikin gwiwata

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, na dawo gida Maraɗi daga Yamai, an sa mini gwiwar ƙarfe a ƙafar dama, har na fara takawa da sanda daga ɗaki zuwa zaure.

Waɗanda suka san ni a kasuwa sun san shekarun da na yi ina salla a kan kujera. Da na je wurin likitan ƙashi, bai ɓoye mini komai ba. Kilo 108 gare ni, tsawona mita 1 da santimita 58. Ya yi lissafin da suke kira IMC, wato awon ƙiba da ake haɗa nauyi da tsawo, ya fito 43, ya ce sai na sauko ƙasa da 40, domin ƙiba tana ƙara haɗarin ciwo ya ruɓe bayan aiki. Amma ya ja mini kunne: kitse ake so ya tafi, ba tsoka ba, don tsokar cinya ce za ta ɗauki sabuwar gwiwar.

To, sikeli ba ya bambanta kitse da tsoka. A nan ne babban ɗana, Allah ya yi masa albarka, ya aiko mini da agogon Galaxy Watch. Ana ɗora yatsu biyu a maɓallansa na ɗan lokaci, sai ya tura wata ƴar wutar lantarki cikin jiki, ba a ma jin ta. Tsoka tana riƙe ruwa, wutar takan ratsa ta da sauƙi, kitse kuwa yana tare ta. Da haka yake ƙiyasta kowanne. Ƙiyasi na ce, don ya taɓa sa ni kuka. A zafin watan Afrilu na auna da la'asar, jikina ya bushe da ƙishirwa, ya nuna kitse ya ƙaru alhali na yi sati uku ban ga waina ba. Ƴar autata ce ta lallashe ni, ta ce: "Inna, ki riƙa aunawa da sassafe kafin ki karya, kuma ki duba na wata, ba na yini ba." Haka muka yi wata bakwai, tana rubutawa a littafi, har na kai kilo 97, IMC ɗin ya sauko ƙasa da 40, aka yi aikin.

Godiyar da ta fi yi mini nauyi ta abokiyar zamana ce. Ranar girkinta tukunya biyu take ɗorawa: tawa wake, zogale, kifi ko ƙwai, mai kaɗan. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Yaya, Allah ya saka miki da Aljanna. Alhaji ma ya bar sukari a shayi don ya taya ni, ko da yake na san yakan rama a waje.

Ina godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya, da yarinyar da ke gasa mini ƙafa tana lanƙwasa ta ina ihu tana ba ni haƙuri. Matan unguwa da kuka riƙa raka ni zagaye bayan asuba, da ƴan adashenmu, da dangi na Tibiri da Katsina da suka yi ta addu'a, na gode ƙwarai.

Masu tambayar aron agogon: mai juna biyu da wanda aka sa wa na'urar bugun zuciya ba sa awon nan. Masu zuwa dubiya kuma, don Allah a bar lemun kwalba da cincin a gida, gwiwar hagu tana nan tana jiran nata layin.