Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Igiyar Gwaggo

Gwaggo, Allah ya jiƙanta, takan ce mai son akuya shi ke sassauta mata igiya. Tun ina yarinya a Tawa nake jin wannan magana, ina ɗauka zancen kiwo ne kawai, tunda ita da awakinta ba a raba su.

Makon jiya na gaya muku yadda na zo Yamai a 2008 na shiga Jami'ar Abdou Moumouni. Ƙanwata ta kira ni ta ce na tsananta wa saurayina na lokacin, mutumin nan mai shago a unguwar Wadata. To, ita ba ta riƙe waccan salular ba. Shi ya saya mini, Nokia mai tocila, kuma kullum sai ya turo mini katin waya na Zain na jika guda. 'Yan ɗakinmu har kishi suke. Ni kuwa kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Idan na tsallako gadar Kennedy daga Harobanda na hango shi a kan babur yana jira, ban gaya masa zan fito ba, sai in ce a raina wannan shi ne so. Ban taɓa tambayar kaina wa ya bar wa shagon ba.

Ya goge lambar ɗan baffana daga wayar. Ɗan baffana fa, wanda muka ci tuwo a ƙwarya ɗaya! Na yi dariya, na ce kishi kumallon mata ne, ashe maza ma suna yi.

Da na je gida hutu, ɗaki ɗaya muka kwana da Gwaggo. Waya tana ta kuka ƙarƙashin matashi har ƙarfe biyu na dare. Ta juyo ta ce, "Ke 'yar nan, shi ne ba ya barci, ko ke ce ba ya so ki yi?" Ta kawo zancen akuyarta. Na ce, "Gwaggo, zamaninku daban." Wannan amsa har yau tana ci mini rai. Baban yaran nan, da na aura daga baya, idan ya tarar ina barci takalmi yake cirewa tun daga zaure. Gwaggo ba ta gan shi ba.

Ranar Alhamis 18 ga Fabrairu 2010, ranar da sojoji suka kifar da Shugaba Tandja, ina Ƙaramar Kasuwa ina cinikin tumatir. Bayan tsakar rana sai harbi ya tashi daga wajen fadar shugaban ƙasa. Kowa ya yi ta kansa. Wani tela dattijo ya ja mu cikin shagonsa, mu wajen bakwai, ya rufe ƙofar ƙarfe. Ina tsugune bayan keken ɗinki, ledar tumatir ta fashe a cinyata.

Baba ne ya fara samuna daga Tawa. "Kina lafiya? Zauna inda kike, kada ki motsa." Ya kashe.

Sai shi. Na ɗaga wayar ina kuka, ana jin ƙarar bindiga. Abin da ya fara fita bakinsa: "Muryar wane namiji nake ji kusa da ke?"

Telan ya ji. Ya dube ni, ya kawar da kai, ya ci gaba da jan carbinsa.

Kada ku ɗauka a ranar na rabu da shi. Da dare ni ce na ba shi haƙuri. Na ƙara shekara guda cur ina kai rahoton inda na je da wanda na gaisar, shekarar da ba ni da abin faɗa a kanta.

Sai da aka aiko Gwaggo ba lafiya. Na shiga motar Tawa da asuba ban gaya masa ba, na kashe wayar tun kafin Dosso. A Dogon Dutsi na sayi ƙwai da burodi na ci a tsanake, hannuna bai kai jaka ba ko sau ɗaya. Bayan Ƙonni, inda hanya ke karkata arewa a Tsarnawa, na kunna don in gaya wa Yaya ya tarbe ni. Saƙo 23. Na ƙarshen ya ce yana bayanmu a wata motar.

Abin da Gwaggo ta gaya masa daga kan tabarmarta, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.