Mun guje wa daji, muka kai yaranmu bakin titi

Har yanzu in na bi ta gaban makarantar nan da safe na ga yara sun yi cirko-cirko a bakin kwalta suna jiran tirela ta wuce sai gabana ya faɗi, don ni ne sakataren kwamitin da ya zaɓi filin, da hannuna na rubuta takardar da muka kai wa hakimi.

Garinmu yana kan titin Funtuwa zuwa Malumfashi, kuma mun daɗe muna son sakandaren jeka-ka-dawo tamu ta al'umma. Fili biyu ne a gabanmu. Ɗaya wani dattijo ya bayar kyauta a bayan maƙabarta, mai faɗi ne har da wurin ƙwallo, amma daga shi sai gonaki sai daji. Ɗayan yana tsallaken titi kusa da ofishin 'yan sanda, shi kuma sai mun saya. Muna cikin wannan ja-in-ja aka kwashe yaran Ƙanƙara daren Juma'a 11 ga Disamba 2020, sama da 300, kuma Ƙanƙara ba wani nisa gare ta da mu ba, akwai waɗanda 'ya'yan danginsu ke ciki. Gwamnati ta rufe makarantun kwana, ba mu gama dawowa hayyacinmu ba sai ga Kagara, sai ga Jangebe ranar 26 ga Fabrairu 2021, 'yan mata 279. Daga nan ko mutum ɗaya bai ƙara ambatar filin bayan maƙabarta ba.

Wallahi mun yi aiki, ba wai sakaci muka yi ba. Mun duba minti nawa 'yan sanda za su yi kafin su iso, mun duba ko akwai sabis ɗin waya, mun tambayi 'yan sintiri ta wace hanya ɓarayi suka saba ɓullowa, mun ce katanga kafin azuzuwa, get ɗaya tak. Amma duk zuwan da muka yi filin a mota muka je, bayan la'asar, kuma ba ranar kasuwa ba. Babu ɗayanmu da ya taka da ƙafa daga cikin gari zuwa filin da ƙarfe bakwai da rabi na safe yadda yaro ɗan shekara goma sha biyu zai taka. Gidaje kusan duka suna wannan ɓangaren, makaranta tana wancan ɓangaren, titi a tsakiya.

Abin da ya fi ci mini rai, an faɗa mini. Ranar da ake haƙa fandisho wata tsohuwa mai ƙosai a bakin tasha ta kira ni ta ce, "Malam, yaran nan ta ina za su bi?" Na ce, "Inna kar ki damu, za a sa mai gadi." Ta ce, "Mai gadi ba ya tsayar da tanka, ɗan nan." Na wuce abina ina lissafin bulo da siminti. Ita da take zaune a bakin titin nan tun asuba kullum ta fi mu sanin shi, amma a mitin ɗinmu babu mace ko ɗaya, babu direba, babu ɗan acaɓa.

Zango na biyu da buɗewa, ranar kasuwa, an tashi yara gaba ɗaya suka kwararo get, wata yarinya 'yar aji ɗaya ta ɓullo ta bayan tirelar da aka faka a gefen hanya, mai Golf yana tahowa da gudu bai gan ta ba. Allah ya yi da sauran kwananta, amma ƙafar ta karye wuri biyu, sai asibitin ƙashi na Dala a Kano aka kai ta, ta rasa karatun shekarar. Babanta bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Yallaɓai, ai na ɗauka kun duba." Gara a ce zagina ya yi. A makon nan magidanta da yawa suka cire 'ya'yansu mata, waɗanda dama da ƙyar muka shawo kansu.

Kuɗin da muka kashe bayan nan ya isa ya gina aji biyu. Muka fasa katanga muka mayar da get ɗin gefe don kar yara su fito kai tsaye kan kwalta, muka raba lokacin tashi ƙanana su fara fita, muka roƙi 'yan tasha su daina faka manyan motoci a gaban makaranta, wannan ma sai da dagaci ya sa baki. Tudun rage gudu kuwa titin ba namu ba ne, sai da izini, mun yi wata da watanni muna kai takarda ofis ana ce mana mu dawo.

Ba cewa nake tsoron daji kuskure ba ne. Kuriga ta nuna mana a Maris 2024 cewa ko makarantar da ba ta kwana ba ana iya shigarta da safe. Da yau za a sake, ba zan koma bayan maƙabarta ba. Amma akwai wani ɗan fili a cikin gari jikin firamare da muka raina muka ce ya yi kaɗan, da bene muka ɗora a kansa da babu yaron da zai tsallaka komai.

Don Allah duk wanda aka sa a irin wannan kwamiti, ka ajiye motarka ka bi hanyar da ƙafa, da safe, da lokacin tashi, da ranar kasuwa, in da hali har da damina ka ga inda ruwa ke kwanciya, kuma ka tsaya ka saurari masu sana'a a bakin hanyar. Mu yanzu iyaye ne muke karɓa-karɓa da jan ƙyalle muna tsallakar da yara, gobe kasuwa kuma ni ke da safe.