Tafiya Cornwall, inda ake tsinkar fure kafin ya buɗe

Duk wanda ya taɓa cin hunturu a Ingila ya san furen dafodil, ko da bai riƙe sunansa ba. Tun daga watan Janairu za ka gan shi a ƙofar manyan kantuna, ɗauri-ɗauri cikin kwali, siririn kara kore, kai a tsuke, ana sayar da ɗauri fam ɗaya. Ka kai gida ka tsoma a ruwa, kafin kwana biyu ya buɗe ruwan ɗorawa shar. Birtaniya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, mafi yawansa kuwa daga Cornwall yake fitowa, can ƙuryar kudu maso yamma inda ƙasar ta zura ƙafa cikin Tekun Atlantika. A watan Maris na ɗaura niyyar zuwa in gano wa idona.

Jirgin ƙasa daga tashar Paddington ta Landan zuwa Penzance, ƙarshen layi ke nan, yana cin awa biyar da wani abu. Bayan Exeter dogon ya bi gaɓar teku a Dawlish, kusa ƙwarai, har feshin igiyar ruwa na taɓa gilashin taga. A Plymouth ƙanwata da ke karatu a can ta shigo, muka haura kogin Tamar a kan gadar Royal Albert, wadda injiniya Isambard Kingdom Brunel ya tsara, aka buɗe ta a 1859. Wannan gada tana da hannu a labarin furen. Ɗumin teku yana sa hunturun Cornwall ya fi na sauran ƙasar sauƙi, don haka furenta yana riga na kowa fitowa, amma sai da dogo ya haɗa ta da Landan manomanta suka samu damar kai shi kasuwa bai yi yaushi ba.

Mun kwana a Penzance. Da sassafe, bayan sallar asuba, muka ɗauki motar haya zuwa wata gona a bayan gari. Hanyoyin ƙauyukan nan ƙunci gare su, mota ɗaya ce ke wucewa, ga katangar dutse da ƙasa hagu da dama, ciyawa ta lulluɓe ta. A kan katangun nan dafodil ya fito barkatai, wani fari, wani rawaya, wani mai jan baki a tsakiya. Asalin wasunsu yaƙi ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta matsa wa manoma su bar fure su noma abinci, sai suka tone kawunan, wato curin gindin furen da ake shukawa a ƙasa, suka watsar a gefen gonaki. Furen ya kama a inda aka jefar da shi, jikokinsa ne ke fitowa har yau.

Muna sauka ƙanwata ta hango wani fili a kan tudu ya yi rawaya tun daga ƙasa har sama. Ta riƙo hannuna ta ce, "Yaya, ga shi can, mu fara da can!" Dattijon da ya tarbe mu, mai gonar, ya ba mu takalman roba ya ce za mu je, amma mu fara biyo shi. Ya kai mu wani fili kore fatau, babu ɗigon rawaya ko ɗaya, iska mai sanyi na kaɗawa daga teku, taɓo na riƙe ƙafa. Ya ce nan ne gonar. Furen da ya riga ya buɗe a fili ba ya sayuwa. Filin da matafiyi ke tsayar da mota don ya ɗauki hotonsa, ko dai an bar shi ne don kawunan su yi ƙwari, ko kuwa ɗumi ya zo farat ɗaya furen ya riga masu tsinka.

A cikin koren nan na ga mutanen da na zo ban san su zan gani ba. Sun jeru cikin kunyoyi, kowa a duƙe, sanye da rigar ruwa da safar hannu. Na tsaya kusa da wata mata 'yar Bulgeriya, na gaishe ta, ta amsa da kai hannunta bai tsaya ba. Takan tura yatsu can gindin ganye, ta laluɓo karan da kansa ya cika amma bai tsage ba, ta tsinke, ta ƙara a kan na hannun hagu. In sun kai goma sai ta zaro ƙaramar roba daga waɗanda ta jera a yatsunta, ta ɗaure, ta daidaita gindin, ta ajiye a kunya, ta matsa gaba. Ba ta miƙe ba sai da ta kai ƙarshen layi. Da ta cire safa don ta gyara ɗankwalinta na ga wuyan hannunta ya yi ja, fatar ta tsattsage. Ruwan karan ne ke yin haka, yana ɗauke da wasu ƙananan ƙwayoyi masu tsini da ke cin fata, masu wannan aiki duk sun san ƙaiƙayinsa.

Babu injin da ke wannan tsinka. Kowane kara da ke cikin kowane kanti hannun mutum ne ya zaɓe shi, a cikin sanyin Janairu da ruwan Fabrairu, kuma da yawan ɗauri ake lissafin kuɗin mutum. Shekaru da dama 'yan gabashin Turai ne ke riƙe da aikin, musamman 'yan Romaniya da Bulgeriya. Da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai hannu ya yi ƙaranci, a kakar 2021 manoman Cornwall suka yi ta kuka fure na lalacewa a fili babu mai tsinka. Sai a 2022 aka shigar da gonakin fure cikin bizar ma'aikatan gona ta wata shida. Abin ya tsaya mini a rai. Fam ɗaya ya yi wa wannan wahala araha, kuma ina ganin ya kamata mai saye ya san bayan wa ya sunkuya kafin furen ya iso teburinsa.

Daga fili muka shiga rumfar ajiya. Ana jera ɗaurin a tire, a tura ɗakin sanyi, a loda a manyan motoci a bushe ba tare da ruwa ba, wasu zuwa kantunan ƙasar, wasu Holan, wasu har Amurka. Kasuwa ta fi zafi gab da 1 ga Maris, ranar da mutanen Wales ke maƙala furen a ƙirji don bikin waliyyinsu David, da kuma Ranar Uwa da ke biyo baya.

A wani lungu dattijon ya ɗebo mana kawunan da ake shukawa. Wanda ya saba da kasuwar Aliero zai rantse albasa ce: girman ɗaya, ɓawon ɗaya, sai dai babu warin. Amma guba ce, tana sa amai da gudawa, har a 2015 hukumar lafiya ta Ingila ta rubuta wa manyan kantuna su daina ajiye dafodil kusa da kayan miya. Duk wanda ke da yara ko baƙo sabon zuwa a gida ya kiyaye wannan. A cikin gubar kuma akwai magani, don daga wannan tsiro ake samun sinadarin galantamin da likitoci ke ba masu cutar mantuwa ta Alzheimer, har akwai masu nomansa don haka kawai a tsaunukan Wales.

Ana shuka kawunan a ƙarshen rani, su yi shekara biyu ko uku a ƙasa, sannan a tone su wajen Yuni ko Yuli, a ware na sayarwa da na mayarwa. Na mayarwar sai an jiƙa su awa uku a ruwa mai zafin digiri 44 da ɗoriya, don a kashe wata tsutsa da ido ba ya gani. Tsutsar nan ta kusa durƙusar da noman gaba ɗaya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani matashin masanin tsirrai, James Kirkham Ramsbottom, ya gano wannan dabara. Zafin in ya gota kan ya dahu, in ya gaza tsutsar ta tsira.

Sai da rana ta ɗaga muka hau tudun. Kyau kam akwai shi, babu mai musu. Iska in ta bugo sai filin duka ya kwanta ya tashi, ga teku can ƙasa, ga tsibirin St Michael's Mount da fadarsa a kai. Ƙanwata ta yi ta ɗaukar hoto tana tura wa Inna a gida. Ni ma na ɗauka, amma daga nan sama ana hango koren filin da layin masu rigar ruwa, idona can yake komawa.

Da za mu tafi dattijon ya ba mu ɗauri biyu, ya ce kada mu haɗa su da wani fure a tulu ɗaya sai sun kwana a ruwansu, don yauƙin karan yana kashe sauran. Na tambaye shi ina mutanen nan za su in kaka ta ƙare a Afrilu. Ya ce da yawansu furen suke bi: in ya ƙare a Cornwall su nufi Lincolnshire, daga can su haura gabashin Scotland, inda sanyi ke sa ya makara.